Tanti na Mutum Ɗaya

Yayana ba ya cewa a'a. Ban sani ba ko tun haihuwa aka manta ba a sa masa kalmar a baki ba, ko mu ne muka zare masa ita a hankali, amma tun da na yi wayo ban taɓa jin ta fito daga bakinsa ba. A unguwa Na-Kowa ake ce masa, kuma yana amsawa har da murmushi, sai ka ce wata sarauta aka naɗa masa. Mu ƙannensa Yaya muke cewa. Inna, mahaifiyarmu, Babba take kiransa, kuma kira ne da ba ya yankewa.

Wanki da guga yake yi a wani babban otal. Sashen nasu yana can ƙarƙashin ƙasa, bayan wurin ajiye motoci, babu taga ko ɗaya. Na taɓa kai masa saƙo, ban iya daɗewa ba. Injina na ruri, tururi ya cika ko'ina, fararen fitilu a kunne da rana tsaka. Yana tsaye gaban wani dogon tebur yana ninke zannuwan gado, gefe ya hau gefe ba ko karkata. A gaban teburin nan ya yi furfura. Yakan ce daga abin da ke zubowa a aljihun wandunan baƙi yake sanin inda suka je: yashi, ƙaiƙayin ciyawa, wani lokaci ɗan farin dutse.

Matarsa ta rasu ba su daɗe da aure ba, Allah bai ba su haihuwa ba, shi kuma bai sake ba. Ya ci gaba da zama a gidanmu tare da Inna, ni da ƙaninmu Auta kowa ya kama gabansa. Ɗakin Yaya kuwa, tunda ɗakin gwauro ne, sai ya koma rumbun kowa. Firizar Inna na ciki, da keken ɗinkin maƙwabciya, da tsoffin akwatunan Auta. Ta gefe yake ratsawa ya kai ga gadonsa. Famfo ya toshe, Babba. Wuta ta ɗauke, Babba. Yaron wani ya haɗiye maɓalli, a kira Na-Kowa. Hutun shekara da ake ba shi a wurin aiki, ko dai ya bar wa abokin aiki mai uzuri, ko ya ƙarar da shi a kan rufin gidan wani.

Maganar tanti ta samo asali ne daga wani baƙon otal da ya dawo daga yawon daji da jiƙaƙƙen tantinsa, aka sauko da shi a shanya. Yaya ya ga ba zai bushe a ninke ba, sai ya kafa shi a ɗakin shanya, ya rarrafa ciki da tsumma yana goge lungunan. Don ya gwada ko zif ɗin na aiki, ya ja shi ta ciki.

"Sai na ji shiru," ya ce mini daga baya. "Injinan ba su tsaya ba fa. Amma wallahi shiru na ji. Ba wanda ya san inda nake."

Ni ya fara gaya wa burinsa, don ni yake gaya wa abin da yake jin kunyar faɗa. Zai sayi ƙaramin tanti, ya ɗaure a bayan babur ɗinsa, ya fita daga gari ya bi hanya har inda kwalta ta ƙare, ya samu bakin wani ruwa ya kwana biyu shi kaɗai. Har ya nemi hutun mako guda an ba shi, kuma a wannan karon bai bar wa kowa ba. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla. Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ka faɗa wa kowa sai ranar tafiya."

Ya ce, "To."

A ranar, kafin a kwashe kwanukan abinci, Inna ta ji.

Ba surutu ne da shi ba, kada a zarge shi. Abin da yake damunsa, ba ya iya sayen ko takalmi bai yi shawara da gida ba, gani yake kamar sata ce. Inna ta dafe ƙirji. Daji, shi kaɗai? In maciji ya sare shi wa zai sani? Da labari ya kai wa Auta sai ya ce ai abin ya zo da sauƙi, shi zai raka shi. Matar Auta ta ce ba za a bar ta da yara uku a ɗaki ana can ana shan iska ba. Inna da ta fara da tsoron maciji ta ƙare da cewa likita ma ya ce gwiwoyinta na son canjin wuri. Yaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "To, za a duba."

Duk da haka bai fasa bincikensa ba. In ya samu sararin cin abinci a wurin aiki, waya ce a hannunsa yana kallon tantuna. Ya san bambancin sandar ƙarfe da ta alminiyam, ya san wanda iska ke kwantarwa da wanda ke tsaya mata, ya san mai ragar sauro a ƙofa da mai zafi kamar tanda. Ya kuma riga ya zaɓi nasa: wani ɗan kore, mara nauyi, in an naɗe shi bai fi matashin kai ba. Ya nuna mini hoton ya fi a ƙirga.

Ranar saye na bar abin da nake yi na bi shi, don na san halin kayana. Shagon yana hawa na biyu na wani dogon gini, an shimfiɗa koren kafet kamar ciyawa an kakkafa tantuna a kai. Ga ɗan koren nan a lungu. Yaya ya cire takalmi ya jera su, ya rarrafa ciki ya kwanta. Ya daɗe har na fara jin nauyin mai shagon. Da ya fito fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa sabon ɗinki.

Mai shagon mutumin kirki ne, ba shi da laifi. Ya ce, "Malam, tambaya ɗaya nake yi wa kowa kafin komai. Mutum nawa ne za su kwana a ciki?"

Na taka ƙafar Yaya.

"Ni ne," in ji shi. Na sauke numfashi. "Amma dai akwai tsohuwa."

"Yaya!"

"Da ƙanina. Da iyalinsa." Ya fara lanƙwasa yatsu.

"Madalla," in ji mai shago. "To ga shawarar da nake ba kowa. Abin da masu tanti ke rubutawa a jiki, kwanciya ce kafaɗa da kafaɗa. In sun ce na mutum biyu, to na mutum ɗaya ne da jakarsa. Kullum ka ƙara a kan lissafinka."

Shawara ce mai kyau, amma ba ga Na-Kowa ba. Ka ce wa mutumin nan ya ƙara, ai ka gama da shi. Ya ƙara wurin kujerar Inna, ya ƙara wurin kayan yara, ya tuna matar Auta ba ta tafiya sai da ƙanwarta. Na ja shi gefe na ce, "Kai kaɗai ka ce za ka. Kai kaɗai! Ka manta abin da ya sa kake son tafiyar?"

"Ban manta ba," ya ce, idonsa na kan ɗan koren. "Amma da wane ido zan shiga gida da wannan? Kamar na ce musu ba na son su ne."

Muka sauko da wani ƙaton abu mai ɗaki uku da baranda, sandunansa na ƙarfe, jakarsa har da tayoyi. Ƙarti biyu ne suka sauko da shi daga bene suna nishi. Babur kam ko a mafarki. Motar haya muka ɗauka, ni ina gaba na kumbura har gida.

Daga nan tafiya ta fita daga hannunsa ta koma hannun mai mota. Auta ya ce akwai abokinsa mai mota mai buɗaɗɗen baya, magana ɗaya ce. Hutu ya kama, motar na wurin makaniki. Washegari an gyara, amma abokin ya kai wani kaya. Yaya ya ce kafin nan bari a kafa tantin a tsakar gida a gwada, kada a je can a ji kunya. Tsakar gidanmu siminti ce, turaku suka ƙi shiga. Ya ɗaure igiya ɗaya a ƙarfen tagar Inna, ɗaya a bututun famfo, sauran a jikin bulo da bokitan da ya cika da yashi. Tantin ya cinye tsakar gidan daga bango zuwa bango, sai wata 'yar hanya da ake bi a karkace. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo suna sa albarka.

Ana tsakiyar mako bututun ruwa ya fashe a saman gidan da Auta ke haya, silin ya rufto. Sai ga su da katifu da kujeru da talabijin, wai kafin mai gida ya gyara. Ina wurin aka yi. Inna ta dubi ƙofar ɗakin Yaya, ta dubi tantin, ta sake duban ƙofar. Shi da bakinsa ya ce, "Su shiga ɗakina. Ai ga wuri nan a kafe."

Aka fito da firiza da keken ɗinki don a samu wurin katifu, aka tura su ɗaki ɗaya na tantin. Kujerun Auta da talabijin suka cika na biyu. Yaya ya shimfiɗa tabarma a na uku, yara suna tsallake shi suna wasan ɓuya. Na tsaya ina kallon abin da ya saya don ya gudu ya zama ɗakin ajiya, shi kuma mai gadinsa. Na fita ko sallama ban yi ba.

Saura kwana biyu hutun ya ƙare na koma shagon na ɗauko ɗan koren. Da hantsi na shiga gidan na dangwara masa a cinya.

"Tashi ka tafi yanzu. Ko kwana ɗaya ne. In Inna ta tambaya ni zan amsa."

Ya shafa jakar, ya ɗaga ta da hannu ɗaya yana jin rashin nauyinta. Abin mamaki, bai ce za a duba ba. Ya miƙe. Ya sa riga da bargo da tocila a leda, ya ratsa ta gefen tanti zuwa can ƙuryar gidan inda yake ajiye babur, ni ina biye. Ya ɗaure kayan a baya, ɗauri mai kyau irin nasa. Ya tayar da babur, ya kama. Ya turo shi, ya zo daidai kusurwar tanti, ya tsaya.

Babu hanya. Tun ranar da aka kafa babban tantin babur ɗin ke bayansa, ba wanda ya lura. Igiyoyi sun gitta daga taga zuwa famfo, hanyar da ta rage ko mutum sai ya karkace. In babur zai fita sai an kwance ɓangare guda, ɓangaren da kujeru da talabijin suke.

Na shiga kicin na ɗauko wuƙa na miƙa masa. "Igiya biyu ce. Yanke."

Ya karɓa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, hadari ya haɗo ta gabas. Ya dubi kujerun ta ragar taga.

"Kayan Auta za su jiƙe," ya ce.

"Su jiƙe mana! Su narke ma!"

"Sabbi ne, ƙanwata."

Ya kashe babur. Ya mayar mini da wuƙar, ƙotar ta wajena yadda yake miƙa wa yara, ya shiga kwance ɗaurin da ya yi. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa babba ba, yana ji yana naɗe igiya a hannu.

Washegari da la'asar, ranar ƙarshe ta hutun, na koma, don zuciyata ta ƙi kwanciya. Ana yayyafi. Na tambayi matar Auta ina Yaya, ta nuna tanti da baki tana dariya, wai in je in ga abin al'ajabi. Na ɗaga labulen ɗaki na uku. Ya kafa ɗan koren a ciki, tsaf, kowace kusurwa ya danne ta da bulo. Zif a rufe. Yara na zagaye shi a guje, ƙaramin na dukan jikinsa da cokali.

Na kore su na durƙusa a bakin ƙofar.

"Yaya, ni ce."

"Na ji muryarki." Bai buɗe ba.

"Gobe aiki."

"Na sani."

Ruwa ya ƙaru, yana dukan rufin babban tantin a samanmu. Na ce, "To ya yi maka dai?"

"Ya yi. Tsawona daidai, ba sauro, ba zafi. Allah ya yi miki albarka." Na ji yana shafa jikin tantin ta ciki, a hankali, yana bin layin ɗinkin da yatsa. "Abu ɗaya ne ban sani ba, ko yana yoyo. Ruwa ba ya iso shi a nan."