Ruwan Shanun Baffa

Tafkin da ke bayan gonarmu a Yasore ba wanda ya haƙa shi da niyya. Kakanninmu ne suka yi ta ɗibar ƙasar gini a wurin har ya zama rami, ruwan damina ya samu wurin zama. Da na ajiye aikin koyarwa na dawo gida, sai na zuba kifi karfasa a ciki, domin ni mutum ne da zama ba aiki ke sa wa ciwon baya.

Amma ba ni kaɗai ke da tafkin ba. Akwai wani dattijon Bafulatani, aminin mahaifina, wanda muke ce wa Baffa. A da can dajin Ruma yake kai shanunsa shan ruwa da rani. Da hanyar ta lalace, aka fara tare mutane ana kore dabbobi, sai tafkinmu ya zama shi ne kawai mashayarsu. Ranar da na zuba kifin na je har rugarsa na yi masa alkawari cewa ba abin da zai taɓa ruwan shanunsa.

Da zafi ya shigo, na fara ganin kifin suna tasowa da sassafe suna buɗe baki a saman ruwa. Na hau babur zuwa Safana wurin wani malamin gona. Ya ce iska ce ta yi musu ƙaranci, kuma injin ba ruwa iska iri biyu ne. Akwai mai farfela da ke yawo a sama yana watsa ruwa, shi ya dace da wurin da ba zurfi. Akwai kuma wanda ake ajiyewa a bakin ruwa, a ja tiyo zuwa ƙasan tafki, yana hura iska kumfa na tasowa, shi kuma na wuri mai zurfi ne. Ya tambaye ni zurfin tafkin. Na ce iyakarsa ƙirjina, ai a ciki na koyi iyo.

Gaskiya ko da bai tambaya ba, mai farfelar nake so. Abu ne da ake gani. Ranar da aka haɗa shi da sola, rabin gari ya zo kallo, ni kuma ina tsaye na riƙe ƙugu kamar ni na ƙera shi. Da la'asar shanun Baffa suka iso, suka ga ruwa na tsalle yana ƙara, suka ja da baya suna huci. Sai da na kashe injin suka matso. Kwana uku muna haka, kifin kuma ba su daina tasowa ba.

Baffa ya same ni a bakin ruwa, muka gaisa har ƙasa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka ruwan ga bai da zurhi?"

"Ni na sani, Baffa."

"Ka san bakinai. Shekarun da aka yi hwari, kana makaranta, ni da mahaihinka mun gina rijiyoyi ukku a tsakiya tai. Ba a cike su ba. Mutum biyu za su tsaya kan juna ba a gan su ba."

Na ɗaura dutse a igiya, na hau tub ɗin tayar mota na kai tsakiyar ruwan na auna. Igiyar ta yi ta tafiya. Kunya ta kama ni, domin farfelar tawa fatar ruwan kawai take sosawa.

Na mayar da ita na karɓo mai tiyo. Malamin gonar ya ja mini kunne: ranar farko rabin awa, washegari awa ɗaya, a riƙa ƙarawa a hankali. Na ce to. A hanya na ce a raina, wannan tsoron ma'aikata ne. Kifi na neman iska, a ce a ba su da cokali? Na kunna da hantsi, na tafi ɗaurin aure Batsari.

Tun kafin in sauka daga babur warin ya tare ni, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Kashin shanu da ganye na shekara da shekaru da ke kwance a rijiyoyin nan duk sun taso, ruwan ya yi baƙi. Kifin sun juya fararen cikkuna. Ban ma tsaya kansu ba. Shanun nake kallo, sun jeru a bakin ruwa suna sunsunawa suna ɗaga kai, ba wadda ta sa baki.

Baffa bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ba komi. Gobe in kora su wajen Ruma."

"Wallahi ba za ka je ba."

"To su sha mi?"

"Ni zan kawo."

Na faɗa ne kafin in yi lissafin abin da saniya ke sha. Rijiyar burtsatsen gari na da ɗan nisa. Na yanka duro biyu na yi wa shanun komin shan ruwa, na ɗaura jarkoki huɗu a babur, na fara jigila daga idar da sallar asuba har rana ta take. Matata ta ce tunda ta aure ni ba ta taɓa ganin na ɗebo mata ko buta ɗaya ba, ga shi yau shanu sun samu ɗan ga-ruwa. Na ba ta haƙuri na wuce. Masu layi a famfo suka yi gunaguni, wasu suka yi dariya, daga baya wani maƙwabcina ya ara mini amalankensa da duro.

Maƙwabcin ya ce in cire tiyon in jefar, ruwan zai kwanta da kansa. Na ƙi. In ya kwanta, dattin na nan yana jiran wata ranar. Na kwashe matattun kifin na binne, na koma kan abin da aka gaya mini tun farko: rabin awa, ina riƙe da agogo kamar mai gadin jarrabawa. Washegari awa ɗaya. Hannuwana suka yi kanta, bayana ya riƙe, ruku'u ma da ƙyar. Kullum da yamma sai in ɗebi ruwan a tafin hannu in sunsuna. Baƙin ya koma toka-toka, sannan ya koma kalar ƙasa.

A rana ta goma sha biyu wata tsohuwar saniya ta wuce komin, ta gangara, ta daɗe tana sunsunawa, ta sa baki. Sauran suka bi ta. Na zauna a kan jarka.

Baffa ya tsuguna kusa da ni, ya jingina sandarsa. Muna jin ƙarar shan ruwan. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar da nic ce zan kora su Ruma, da na koma gida na tara iyali na yahe musu, na ce su ma su yahe mani. Ban sa rai da dawowa ba."