Ƙarfe Biyun Toronto

A gidanmu na Ikara ni ne masanin jirgin sama, duk da ban taɓa wuce katangar filin jirgin Kano ba. Da autanmu ya samu karatu a Toronto ta ƙasar Kanada, ya turo mini hoton tikitinsa, ni aka ɗora wa yi wa Inna bayani. Na gyara hula na ce zai tashi daga Abuja bayan isha'i, ya yada zango a Turai, washegari ƙarfe biyu na rana cif yana ƙasa. Haka na gani a rubuce.

To Inna tana da wata al'ada. In ɗanta yana kan hanya, ko kasuwar Makarfi ya tafi, ba ta sa komai a baki sai ruwa, har sai ta ji ya sauka. Ga shi tana fama da ciwon suga. Na lallashe ta, ta ce zuwa biyu dai ba za ta mutu ba.

Biyu ta yi, shiru. Uku ta gota. Na kira lambarsa ya fi sau dubu, a kashe. Kafin la'asar maƙwabta sun cika tsakar gida, kowace ta shigo sai ta sami gefen tabarma ta zauna ba magana, irin zaman da ba na son tuna sunansa. Inna tana ta jan carbi, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Matata ta kawo kunu, ta ture kofin ba ta ko kalle shi ba.

Na ruga na ɗauko mai kemis na bakin titi. Ya gwada jininta, fuskarsa ta sauya, ya ce in ba ta ci wani abu ba tana iya faɗuwa kowane lokaci. Sannan ya karɓi wayata ya ƙura wa tikitin ido.

"Malam, wannan biyun ta su waye? Ai agogonsu aka rubuta. Muna gabansu da awa biyar, yaro yana sama har yanzu."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na durƙusa gaban Inna na ce laifina ne, can yanzu hantsi ne. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta dubi matata ta ce a gaya wa wancan cewa rana ɗaya Allah ya halitta, in wani abu ya faru a faɗa mata gaskiya kawai.

Haka muka zauna, ido ɗaya a kanta, ɗaya a waya. Magariba a zaune ta yi ta, an jingina ta da bango. Ana shafa addu'a wayar ta yi ƙara, na kara mata a kunne. Auta ne. Ya ce ya sauka lafiya, yana neman inda zai yi azahar.

"Azahar? Mu mun yi magariba. Daga zuwa ka fara wasa da salla?"

Tana faɗan, tana miƙa hannu tana laluben kofin kunun.