Oga Sabo ya wanke min lamba ɗayana

Wallahi yau raina ya ɓaci a shagon Oga Sabo, mai tura finafinai a waya a unguwar Laranto.

Kun dai san ni da finafinan robot masu duhun nan, ruwa na zuba, ɗan sanda shi kaɗai yana bin lungu. Na zauna na jera guda biyar da suka fi, na rubuta da hannuna, Oga Sabo ya manna a bangon shagonsa, har da sunana a ƙasa.

Jiya ƙawata Rifkatu ta karɓi lamba ɗaya a wurinsa, sai ga kiranta tana dariya: "Wannan ne gwanin naki? Tun farko na ga mai kisan a bayan labule!"

Yau na je na ce ya kunna min. Jama'a, fim ya yi fari fat kamar kasuwar Farin Gada da tsakar rana! Robot mai kisan da ya kamata ya ɓuya har ƙarshe, ga shi tsaye ƙiƙam, har takalminsa ana gani.

"Oga, me ka yi masa?"

"Anti, kwastomomi ne ke cewa sikirin ɗin wayarsu ya mutu saboda duhun fim ɗin. Sai na ƙara haske. Ai gyara na yi."

"Gyara? Duhun nan shi ne fim ɗin!"

Mutum nawa yanzu ke cewa ban san fim ba? Na ɓamɓare takardata na yi tafiyata.

Duk wanda ya karɓa a wurinsa, ba zaɓina ya kalla ba. Ku faɗa min gaskiya, na yi zafi da yawa ne?