Bara'atu da Jan Maɓallin Baba Maccido

Kullum da hantsi Bara'atu kan rufe kwamfutarta a ofishin ƙungiyar manoman rani da ke Goronyo, ta hau bayan babur sai fadama. Abokan aikinta suna mata tsiya wai mai zana manhaja ce amma takalminta ya fi na manoma laka. Zuwa take ta tsaya bayan manomi, ta ga inda babban yatsansa ke sauka a kan waya.

Ita ta tsara manhajar da manoma ke kama layin injin ban ruwa na ƙungiya. Da farko maɓalli biyu ta sa, girmansu ɗaya: kore na tabbatarwa, ja na sokewa, kamar yadda aka koya mata. Sai ga Baba Maccido, wani dattijo daga Boyekai, layinsa ya wuce shi har sau biyu, rabin dashen albasarsa ya ƙone. Da ita ya yi niyyar ciyar da gidansa har damina.

Bara'atu ta same shi a bakin gona, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ya nuna mata yadda ya yi.

"Ɗiyata, mi nib ɓata?" in ji shi. "Ja nid danna. Tumatur in ya yi ja ai ya nuna. Wanga tsanwa ɗanye na, shi ya sa nib bar shi."

Wani da dariya zai yi. Ita kuwa abin ya sosa mata rai, ta koma gida. Da ta bincika, sai ta tarar har a ƙauyen Kwargaba akwai masu yin haka, kunya ce ta hana su faɗa.

Ta rushe zanen gaba ɗaya. Ta bar babban maɓalli guda, shuɗi kamar ruwan dam, a ƙasan allo inda yatsa ke kaiwa ko da hannu ya jiƙe. Na sokewa ta mayar da shi ɗan ƙarami, toka-toka, can sama a lungu, kuma sai ya sake tambayarka kafin ya soke. Ta fita da waya tsakar rana ta yi ta gwadawa, don launin da ke kyau a ofis yakan ɓace a fadama.

Bara'atu, ke ce kika ɗora laifi a kan zanenki, ba a kan dattijo ba. Ke ce mai aikin da in ya yi kyau ba a ganinsa. Yanzu da za ki miƙa aikin ga wasu bayan shekarun da kika yi, mu 'yan ƙungiya mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu zana mana abin dannawa daga cikin ofis, ku daure ku taka laka.

Bana Baba Maccido bai rasa layi ko sau ɗaya ba. Ranar cirar albasa ya tare ta, yana ɗaga waya cike da alfahari.

"Kin gani? Ni da kaina na gwane ga abin nan, babu wanda yak koya min."

Bara'atu ta dubi buhunan da aka jera, ta ce, "Lalle kam, Baba, ka gwane."