Takardar ɗan baƙon Baba

A iya sanina, babu abin da ya taɓa girgiza zumuncin Zongon Kotonu da ƙasar Kano kamar kalmomi biyu na Ingilishi.

Baba mai saukar da fatake ne, kamar ubansa. Akwai wani Alhaji Bakano mai sayen atamfa da ya yi shekaru yana sauka ɗakin ƙofar gidanmu. Bai taɓa aiko da labari ba, sai dai a ji sallama. Da ya rasu, ɗansa ya gaji kasuwancin, sai ga wani direba da takarda bugun keken rubutu: ɗan zai yi mana "call upon" ranar Alhamis.

"Kai, malamin lakwal," Baba ya ce da ni, don na yi makarantar boko, "karanta. Ko bokon naka a Faransanci ya ƙare?"

Na ɗauko ƙamus. Ƙamus ɗin ya ce tsohuwar magana ce, ta ziyarar girmamawa: a zo, a zauna kaɗan, a tashi. Ya ƙara da cewa yanzu ba a cika faɗarta ba.

"Kaɗan?" in ji Baba. "Da kaya ko ba kaya?"

"Ƙamus bai ambaci kaya ba, Baba."

"To ashe ya sami wani masauki. Mai zuwa gidan ubansa ba ya aiko da takarda."

Ni ma na zargi yaron. Wanda ya tono maganar da masu ita suka binne, na ce a raina, yana son tazara tsakaninsa da mu. Baba kuwa ya riga ya gano maƙiyinsa: wani maƙwabci da ya gina sabbin ɗakuna a unguwar Akpakpa, masu fanka da tayil. In ɗan Alhaji ya sauka can, sauran Kanawa binsa za su yi, gidanmu ya koma kamar gidan kowa. Baba ya daina amsa gaisuwar mutumin da kyau. Ya hana a share ɗakin ƙofa, wai kada a gan mu da tsintsiya a hannu baƙo ya wuce.

Ranar Alhamis muka shimfiɗa darduma ɗaya a zaure, daidai zaman da ƙamus ya yanke.

Da la'asar ɗan Alhaji ya iso da buhu uku da buta, ya tambayi makullin ɗakin babansa. Ya kwana cikin ƙura. Ba ya jin Ingilishi. Wani tsohon akawu ne ya buga masa takardar a bakin tasha.