Waken Tankas

Gurbin da nake sayar da shinkafa da wake a ƙofar gidanmu na Zongo, gadonsa na yi daga mahaifiyata. Shekara ashirin tana zuba wa mutane a ganye a wurin kafin ta bar mini tukunya da masu saye. Da shi nake rufa wa kaina asiri, da shi kuma nake iya ɗaga murya a gida. Kuɗi sule ɗaya ne ya raba ni da shi.

Maigidana, Malam, direba ne, yana da tsohuwar lori mai jikin katako da yake ɗauko goro da doya daga ƙauyukan hanyar Sunyani. Ana saura kaɗan ƙasa ta sami 'yanci aka kafa shinge a hanyar, kowace mota ta biya sule kafin a ɗaga mata ƙarfe. Ban da motocin majalisar gari, wadda duk Zongo ke kira Tankas. Su nasu a nuna takarda ne a wuce, ko da akuyar surukin akawu ce kaɗai a bayan motar.

Abin nan ya tsaya wa Malam a rai. Mutum ne da zai yi kyautar fam guda bai ji komai ba, amma a karɓi sisinsa da sunan doka, sai ya kasa cin tuwo. Kullum maganarsa ita ce, masu karɓar haraji su ne ba sa biya, kura ce aka ba ajiyar nama. Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta tsaya a baki ba.

Wata Asabar ya kai motar can unguwar Anloga wajen masu fenti, ya ce a shafe ta da koren Tankas, a yi mata rubutu irin nasu. Mai fentin ya tambaye shi wanne, don motocin kala-kala ne. Malam ya ce wadda ko takarda ba a tambayarta. Mutumin ya dube shi, ya sake tambaya, Malam ya ce ai da Hausa ya yi magana. Malam ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma baƙin boko ko ɗaya bai sani ba. Ni ma haka.

Mako guda yana dawowa yana ba ni labari baki har kunne. Wai tun daga nesa mai shingen ke ɗaga ƙarfe, ya ja da baya, ya rufe fuska da hula don girmamawa. Da yamma ya ajiye motar a inda ya saba, taku biyar daga tukunyata.

Ni kuwa ciniki ya fara ja baya. 'Yan makaranta suka fara ɗaukewa, sai iyayensu, sai telolin layinmu. Na ƙara mai, na sauya yaji, na zargi mai koko ta tsallaken kwata da yi mini asiri, Allah Ya yafe mini. Ran Juma'a rabin tukunya na mayar cikin gida, na zauna na yi kuka.

Wata 'yar Asante mai gasa ayaba, wadda ɗanta ke makarantar mishan, ita ta ji tausayina. Ta ja ni gefe da Hausarta ta kasuwa.

"Maame, kai ba ka san abin da an rubuta a motan mijinka ba? Shi motan bokitin kashi ne."

Da Malam ya dawo ban yi masa sannu da zuwa ba.

"Malam, ka san abin da ya sa mai shinge ke rufe fuska? Hanci yake toshewa."

Na ji ya ba ni tausayi, amma ba sosai ba. Washegari ya mayar da motar Anloga, ta dawo shuɗiya, da "Allah Ya kiyaye" a goshi, da ajami wannan karon.

Fenti ya rufe rubutu, bai rufe bakin Zongo ba. Abincina ya riga ya zama waken Tankas. Ba wanda ya yarda cewa motar ta taɓa ɗaukar wani abu ban da goro, kowa dai ya ce shi bai da yunwa. Na jure wata biyu, sannan na tattara tukunya na koma unguwar Sofoline, inda ba wanda ya san ni. Ranar da na ga mai kokon nan ta kafa teburinta a gurbin mahaifiyata, ban iya bi ta ƙofar gaba ba.

Sabon wurin nawa kuwa yana bayan shinge ne. Malam ke kai ni da safe, ya koma ya ɗauko ni da la'asar. Duk sanda ya miƙa sulensa, ni nake tuna masa ya karɓi tikiti.