Hawainiya da Ɗan Yayarsa

A tashar motocin kamfanin babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Hawainiya ake ce masa, har shi ma ya saba amsawa. Shekara ashirin da bakwai yana jan doguwar bas, bai taɓa yarda an ƙara masa mutum ɗaya a kan yawan kujeru ba, kuma gudunsa bai wuce tamanin. Fasinjoji su yi ta tsaki, wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Direba, ko mu sauka mu tura ne?" Sai ya leƙa madubi ya ce, "Ka fara, ina biye da kai."

Da gwiwarsa ta soma ciwo, aka sauke shi daga hanya, aka ba shi wani ɗan ofis a gefen gareji, mai tebur guda da fanka wadda kukanta ya fi iskarta. Aikinsa gwada sababbin direbobi. Wanda ya sa wa hannu, an ɗauke shi.

Nan Dogo ya same shi. Ɗan yayarsa ne, magidanci mai 'ya'ya uku, masaƙar da yake aiki ta rufe, ya shekara a zaune. Ita kuwa Yaya, ita ta riƙe Hawainiya tun rasuwar mahaifiyarsu.

Ranar gwaji Dogo ya nuna hannunsa ya faɗa, giya tana shiga kamar ruwa. Amma a mararraba saura ƙiris ya kwashe wani mai baro, bai gan shi ba sai da suka zo daf. Hawainiya ya sa ya tsaya, ya nuna masa allon wani shago a tsallaken titi.

"Karanta mini wancan."

Dogo ya ƙanƙance ido, ya daɗe. "Kawu, rana ce ta haske ni."

"Rana tana bayanmu."

Ya tura shi wurin likitan ido. Likita ya ce na hagu ya riga ya yi nisa, tabarau ba zai maido shi ba. Hawainiya ya ajiye takardar a aljihun tebur, bai sa hannu ba.

Kwana biyu sai ga Yaya da kanta a ofis. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa, ta ƙi zama.

"Auta, ni za ka kunyata? Ni da na goye ka har bayana ya goge?"

"Yaya, mutum sittin zai ɗauka a bayansa kullum."

"Sittin ɗin nan ka san ko ɗayansu? Ukun da ke gidansa fa, jininka ne."

Manaja ma ya ja shi gefe ya ce, "Baba, kowa yana yi wa nasa. Sa hannu kawai, ni zan kau da kai." Ya ce a yi haƙuri. A gida matarsa ta ce, "Baban yara, kai kaɗai ne mai tsoron Allah a garin nan?" Ya ce, "A'a, ni dai na zauna a gefen Dogo, na ga abin da na gani."

Ya nema wa Dogo gurbi a sito, wurin ajiyar tayoyi. Dogo ya ce shi ba mai gadi ba ne. Daga nan dangi suka ɗauke ƙafa. In an yi haihuwa sai ya ji a bakin maƙwabta. In ya je gaisuwa, a amsa masa a taƙaice, hira ta mutu har sai ya tashi.

Dogo ya sami tuƙin babbar mota a wani kamfani da ba a gwada ido. Shekara shida ke nan, ko kaza bai taka ba. Duk wanda ya haɗu da Hawainiya sai ya sanar da shi haka, da murmushi. Shi kuma ya ce, "Madalla, Allah ya ci gaba da tsarewa," kuma har zuciyarsa yake faɗa. Wani tsohon abokin aikinsa ya taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya shafa fuska.

"Na gaji dai. Amma ko yau aka kawo takardar, haka za ta koma."

Bara ya yi ritaya. Da ya ji Yaya ba ta da lafiya, ya je. Ta bari ya zauna a bakin gado, ta sa aka kawo masa ruwa, ta tambayi mutanen gida kamar yadda ake tambayar baƙo. Ya sha ruwan, ya yi mata addu'a. Da ya fito ya tsaya jiran mota, rana tana dukansa, ya ga ba ta da niyyar zuwa, sai ya kama hanya da ƙafa.